Man Shanu a Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Jama'a, ranar Talatar da ta wuce da hantsi ina zaune a zaure da kwamfutata a cinya, sai ga uwargida Ummukulsum ta leƙo da sauri tana tambayar wanda ya ɗora mata tukunya ba da saninta ba. Na ce babu wanda ya taɓa murhunta. Ta ce to ƙamshin suyar man shanun nan daga ina yake fitowa? Muka bi ƙamshi da hanci, ni da ita, har ya dawo da mu kan cinyata. Ashe kwamfutar ce ke soyuwa. Fankar cikinta ta yi wani gurnani kamar injin markaɗe ya haɗiyi cokali, fuskarta ta yi baƙi ƙirin, wani mai ya ɗigo daga gefenta ya ɓata mini wandon shadda. Ummukulsum ta dube ni, ta dubi na'urar, ta ce, "Malam, in miyar ta nuna ka kira ni in kawo tuwo." Ta koma ciki ta bar ni da kyanwar maƙwabta, wadda tuni ta zo ta tsuguna tana lasar baki.

Kada ku yi saurin yi mini dariya. Ku bari in faro muku daga tushe.

Ni Sharfaddeen ne sakataren ƙungiyar manoman unguwarmu a nan Rurum Sabon Gari. Ba don ilimi aka zaɓe ni ba, don ni kaɗai ke da laftof mai aiki ne. Ita kuwa laftof ɗin nan ta ga jiya ta ga yau. Idan na danna mata maɓalli, sai in je in yi alwala, in yi nafila, in sha koko, in dawo in tarar da ɗan zoben nan yana ta juyi a fuskarta, tana tunanin ko ta tashi ko ta ƙara kwanciya. Ban taɓa zaginta ba. Tsohuwa ce, kuma a gidanmu ba a yi wa tsofaffi tsawa.

To, manyanmu na can sama, masu kwana da tunaninmu su tashi da shi, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, sun gano cewa raba takin zamani hannu da hannu ƙauyanci ne. Yanzu sai ta intanet. Akwai wani shafin rajista da ake buɗewa sau ɗaya a shekara, daga ƙarfe goma na safe zuwa sha biyun rana. Wanda sunansa ya shiga a cikin awa biyun nan, yana cikin masu tsammanin taki. Wanda bai shiga ba, sai ya jira baɗi in da rai. Ni dai na yaba wa Mai Girma Sarkin Tsare-tsare da ya ƙirƙiro wannan dabara. Ya san manomi ba shi da lokacin ɓatawa da damina, shi ya sa ya taƙaita mana wahalar zuwa awa biyu kacal, a garin da sai ka hau tudun bayan makaranta kake samun sabis.

Mu talatin da takwas ne a ƙungiya. Kuma ku kun san yadda ake jera sunaye a wajenmu, ba sai na koya muku ba. Shugaba ne a farko, wato Alhaji Khalid mai tarakta biyu. Sai mataimakinsa, sai sakatare, wato ni, sai dattawa gwargwadon furfurarsu da girman rumbunsu, sai magidanta, sai mata a can ƙasa. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan doka, amma ka gwada saɓa mata ka ga yadda za a daina amsa maka sallama. Bara, kafin shafi ya rufe, sunaye sha biyu tsohuwata ta iya haɗiyewa. Duk sha biyun nan, in ka cire ni, babu wanda bai da ikon sayen taki a kasuwa da aljihunsa.

Suna na talatin da takwas shi ne na Inna Laraba. Shekara uku ke nan da rasuwar maigidanta, ita ke noma 'yar gonar da ya bari, da ita take ci da kanta da jikoki biyu. Bara na wuce ta gefen gonar nan na ga masara ta tsaya iya gwiwa ta yi rawaya, na sunkuyar da kai na ƙara sauri. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Sai makon jiya muka haɗu a bakin famfo, ta ce, "Sharfaddini, bana ma na'urar taka ba za ta kai kaina ba?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Inna, bana sunanki zai shiga. Na yi miki alkawari."

Ta ce, "To, Allah ya yi maka albarka." Ta ɗauki bokitinta ta tafi, ni kuma na tsaya ina lissafin cewa ranar Alhamis za a buɗe shafi, kuma tsakanin sha biyu da talatin da takwas akwai tafiya.

A nan ne maƙwabcina Shitu ya shigo maganar. Shitu gwani ne wajen yi wa mangwaro aure. Daga nan har Kibiya ake zuwa ɗaukarsa a babur. Zai yanko reshen binta siga, ya tsaga tsohuwar bishiyar da 'ya'yanta ba su da komai sai ƙwallo da zare, ya cusa, ya ɗaure da leda, bayan 'yan shekaru ka ga abin mamaki. A ganin Shitu babu abin da ke duniya da ba a yi masa wannan aiki. Da na kai masa kukana ranar Litinin, sai ya yi dariya.

Ya ce, "Sakatare, ai wannan ba matsala ba ce. Kututturen na'urarka lafiyarsa ƙalau, irin ne ya tsufa. Na ji ana cewa akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa a ciki, kamar girman akwatin ashana. A cire tsohuwa, a dasa sabuwa, shi ke nan."

Na ce, "A ina zan samo sabuwar?"

Ya ce, "Ka manta da tawa?"

Wallahi na manta. Shekara biyu da suka wuce an yi wani gagarumin biki na Shirin Kowane Manomi da Na'urarsa. An kafa rumfuna, an yanka shanu, an ɗauko makaɗa, Mai Girma Uban Tallafi ya iso da motoci ashirin da ɗaya don ya raba laftof goma sha biyar. Shitu na cikin waɗanda suka dace. Har yau hotonsa na rataye a zaurensa, yana riƙe da kusurwa ɗaya ta na'urar, Mai Girma na riƙe da sauran ukun. Sai dai ba a haɗa musu da caja ba. An ce caja tana cikin kashi na biyu na shirin, kuma an kafa kwamitin da zai duba lamarin. Tun daga ranar matar Shitu ke rufe kwanon tuwo da ita, ta ce ta fi faifai riƙe zafi.

Shitu ya ɗauko ta ya goge mata miyar kuka. Jama'a, na'ura ce mai ƙyalli, da wata sitika shuɗiya a ƙirjinta an rubuta "Sabon Zamani". Na ji zuciyata ta yi sanyi. Na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Muka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron Shitu, domin ya ce bai taɓa yin aure a cikin ɗaki ya kama ba. Kayan aikinmu su ne sukudireban gyaran rediyo, da reza, da murfin kwano na zuba noti. Muka yi bisimilla muka kwantar da su biyun rub da ciki. Noti goma sha tara muka kwance daga tawa. Muka ɗaga fanka, muka tarar da ƙura da gashin kaza da ƙwayar gero guda, wadda har yanzu ban san yadda aka yi ta shiga ba. Ƙarƙashin fankar akwai wani jan ƙarfe a kwance. Da muka ɗaga shi sai ga ƙwaƙwalwar, 'yar ƙarama, amma duk bayanta ya dame da wani busasshen abu toka-toka.

Shitu ya kai hanci ya shinshina, ya girgiza kai. Ya ce, "Kashin tsaka ne. Sakatare, shekara nawa tsaka na bahaya a kan ƙwaƙwalwar na'urarka, ta yaya za ta yi tunani?"

Na ji kunya ƙwarai, domin ni mutum ne mai tsafta.

Muka juya wani ɗan noti a gefe, tsohuwar ƙwaƙwalwa ta fito salin alin. Muka buɗe ta Mai Girma muka ciro tata, ita ma da nata kashin tsakar, abin da ya ɗan rage mini kunya. Shitu ya kankare ta tas da reza har tana sheƙi. Muka ɗora ta a gurbin tawa, sai ta zauna daram kamar don ita aka haƙa ramin. Muka yi kabbara. Da muna da hankali, a nan ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu yadda aka yi takalmin jariri ya yi wa kaka daidai, amma murna ba ta bar mu ba.

Sai Shitu ya ce bai taɓa barin tsaga a bushe ba, dole a shafa wani abu kafin a rufe, in ba haka ba iska za ta shiga auren ya mutu. Ya so ya ɗaure da leda, na hana. Muka yi shawara tsakanin man kaɗanya da man shanu. Shitu ya ce man kaɗanya na ƙafa ne, ƙwaƙwalwa kuwa sai man shanu, shi ya sa Fulani ba sa mance saniyarsu ko cikin dubu. Ya shiga gida ya ɗebo cokali guda daga wanda matarsa ta sayo wajen wata Bafulatana a Kibiya. Muka lafta, muka rufe, muka ɗaure. Noti uku suka yi saura, Shitu ya ce na gyara ne kamfani ya saka.

Abin da ya faru washegari kun riga kun ji.

Na naɗe gawar a cikin ɗankwalin Ummukulsum na ɗaure a bayan babur, na nufi Rano wajen ƙanwarta, Malama Juwairiyya, wadda ke koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata. Ban yi nisa ba mai ya ƙare. Gidan man farko sun ce akwai mai babu wuta. Na biyu sun ce akwai wuta babu mai. Na uku akwai mai akwai wuta, amma manaja ya tafi ɗaurin aure da mukulli a aljihu, layin babura kuwa ya miƙe har ya sha kwana. Wani dattijo daga Dawaki da ke gabana ya ce tun safe yake nan, har ya yi abokai, har an yi masa tayin wata bazawara. Ina nan tsaye sai ga jerin gwanon wani Mai Girma ya wuce da jiniya, aka kore mu gefen titi. Na ɗaga musu hannu da girmamawa. Ai dole su yi sauri, wataƙila taron magance ƙarancin mai za su. Daga ƙarshe na tura babur da ƙafa, ƙudaje na bin ɗankwali.

Juwairiyya ta kwance ɗankwali, ta shinshina, ta kwance na'urar, sannan ta zauna a ƙasa ta yi dariya har da hawaye. Kun san ƙanwar mata, ba ta da linzami.

Ta ce, "Yaya Sharfu, albasa kawai kuka manta."

Na ce, "Ke dai duba mini. Kashin tsaka muka tarar, muka share."

Ta ce, "Wane kashin tsaka? Man sanyaya ƙwaƙwalwa ne, kamfani ke saka shi don zafi ya bi jan ƙarfen nan ya fita. Shi kuka kankare kuka zuba na miya." Ta ciro ƙwaƙwalwar Mai Girma ta goge, ta kai ta kusa da taga tana karanta 'yan lambobin da ke jikinta. Sai dariyar ta tsaya. Ta ce, "Ina taka ta asali?"

Na zaro ta daga aljihu, a cikin ledar goro. Ta jera su biyu a tafin hannunta.

Ta ce, "Wannan ta tallafin ta girmi taka da shekara uku. Tsohuwar na'ura ce aka yi wa sabuwar riga aka manna mata sitika. Ai da sabuwa ce ta gaske, ko da guduma ba za ku iya ciro ƙwaƙwalwarta ba, a like suke zuwa yanzu. Kun cire tsohuwa kun dasa kakarta."

Jama'a, kallon kitse muka yi wa rogo. Amma ni ban ga laifin Mai Girma Uban Tallafi ba, kuma ina roƙon ku kada ku gani. Mutum ne mai girmama na gaba. Wasu shugabannin sai su yar da tsofaffin na'urori a bola, shi kuwa ya ɗinka musu riga, ya kira makaɗa, ya aurar da su ga manoma. Ina ma a ce haka ake kula da tsofaffin ma'aikata masu jiran haƙƙinsu.

Juwairiyya ta wanke cikin na'urar da wani ruwa mai warin asibiti, ta mayar da tsohuwar ƙwaƙwalwata, ta ɗiga mata man gaskiya kamar ƙwayar masara, ta nemo wa noti ukun nan gidajensu. Tsohuwata ta yi tari ta farka, ɗan zobe ya ci gaba da juyinsa kamar ba abin da ya faru. Na tambaye ta ko akwai ƙwaƙwalwar da ta fi wannan da za ta shiga. Ta ce akwai, amma sai an nemo daga Kano, kuma ba zai yiwu kafin Alhamis ba. Na komo gida jikina a sanyaye. Na ɓata kwana biyu da wando guda, kuma ga Inna Laraba nan dai a lamba ta talatin da takwas.

Ranar Alhamis tun ƙarfe tara muka hallara a tudun bayan makaranta. An kawo wa Alhaji Khalid kujera, ya zauna dab da kafaɗata yana kallon fuskar na'ura. Dattawa a tabarma, magidanta a tsaye, mata can nesa a inuwar darbejiya, Inna Laraba a ƙarshensu. Ƙarfe goma ta yi, shafi bai buɗe ba. Goma da rabi, shiru. Sai sha ɗaya da kwata ya buɗe, da hoton wani Mai Girma yana murmushi, wanda shi kaɗai ya ci mana minti shida kafin ya gama bayyana daga hula zuwa haɓa. Amma a ƙasa an rubuta za a rufe sha biyu daidai. A wajen rufewa kam manyanmu ba su taɓa makara ba.

Na duba agogo, na duba takardar sunaye. Ko mutum goma ba lallai su shiga ba.

Alhaji Khalid ya gyara babbar riga ya ce, "Bismilla, Sakatare. Khalid, da K babba."

Ban san lokacin da bakina ya sake riga hankalina ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai 'yar matsala. Ka san an yi wa na'urar nan aikin ƙwaƙwalwa. To wajen mayarwa an mayar da ita a juye. Yanzu ba ta karɓar sunaye sai daga ƙasa zuwa sama. In aka faro daga sama, sai ta soye."

Alhaji ya juya ya dubi Shitu, domin kowa ya san da shi aka yi aikin. Shitu ya dube ni, ya dubi inuwar darbejiya, ya shafa gemu.

Ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Ko a mangwaro haka yake. In reshe ya shiga a juye, ta gindi yake fara 'ya'ya. Ni na ji ƙamshin suyarta da hancina shekaranjiya, har gidana."

Wani dattijo ya ce shi ma ya ji. Wani ya ce kyanwarsa ma shaida ce. Alhaji ya ja kujerarsa baya kaɗan, kada mai ya fallatsar masa a riga.

Na ɗaga murya na ce, "Inna Laraba, matso da katinki."

Ta taso a hankali, tana waiwaye ko wata Laraba ake kira. Na rubuta sunanta. Zobe ya juya, ya juya, ya juya, na karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Sai ga kore ya bayyana, an karɓa. Na kwafe mata lambar shaida a 'yar takarda. Ta karɓa da hannu biyu, ta ƙulle a haɓar zane, ta ce, "Yaushe takin zai zo, ɗan nan?" Na ce shafin ya ce za a sanar. Ta ce, "To, ko bai zo ba, yau dai an kira ni da farko." Sai da na yi kamar ƙura ce ta faɗa mini a ido.

Sunaye tara suka shiga kafin sha biyu: mata shida da magidanta uku masu gonar aro. Nawa, da yake na uku ne daga sama, ko ƙamshinsa shafin bai ji ba. Da na faɗa wa Ummukulsum ta ce ba komai, in masararmu ta yi rawaya sai in kira Shitu ya shafa mata man shanu. Ƙaryar da na yi kuwa na kai ta gaban malaminmu bayan la'asar. Ya saurara, ya ce in yi istigfari, sannan ya tambaye ni ko tasa matar ta samu shiga, domin ita ce ta talatin da huɗu. Na ce ta shiga. Ya ce in yi istigfarin dai, amma ba sai na tsananta wa kaina ba.

Jiya da safe sai ga Alhaji Khalid da kansa a zaurena, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ya yi tunani mai zurfi a kan rayuwa, ya ga girman kai ba shi da amfani, shugaba bawan jama'a ne. Saboda haka yana so a takardar baɗi a mayar da sunansa can ƙarshe, ƙasa da na Inna Laraba. Bai kai ƙofa ba mataimakinsa ya shigo da irin wannan buƙata. Kafin azahar dattawa bakwai sun zo, har biyu sun kusa ba hammata iska a kan wanda ya fi cancanta ya zama na talatin da takwas. Tun da nake ban taɓa ganin tawali'u ya kama gari da sauri haka ba.

Na rubuta musu yadda suke so, kowa ya sa hannu, Alhaji har da dangwala yatsa. Ban dai gaya musu ba cewa Juwairiyya ta yi waya, ta ce an samo ƙwaƙwalwar a Kano, kuma wannan karon ita za ta saka da hannunta, a miƙe.